Mujiyar Kanumfari

Da hantsi Kaltuma ta hau saman bene da gwangwanin fara a hannu, 'yarta Murja tana barci a bayanta, ta tarar da kejin a buɗe. Ba a karya ƙofarsa ba. An kwance igiyar da ake ɗaure ta da ita, an rataye a ƙusa. Mujiyar dai ba ta nan.

Ba ta taɓa komai ba. Ta tsaya a bakin matakala tana duban ƙasa, domin haka mahaifinta ya koya mata tun tana yarinya a Abeshe, sa'ad da yake bin sawun raƙuman da aka sace.

'Yar tsuntsuwar ba ta wuce tafin hannu ba, ja-ja ce kamar sabuwar tukunya, da idanu rawaya. Mijin Kaltuma, Mahmudu, mai dako a tashar jiragen ruwa ta Yanbu, shi ya tsince ta a tsakanin buhunan kanumfari da fiffike a karye, ya kawo ta gida unguwar Anbariyya, a Madina, a cikin kwali. Ran da Ammu Hamisi, wani tsoho mai sayar da tasbaha, ya gan ta, zama ya yi a ƙasa yana share ido. Ya ce a tsibirinsu na Pemba kaɗai Allah ya ajiye irinta, cikin gonakin kanumfari, kuma ko a can raguwa suke yi, ana sare musu itatuwa, ana jifansu don tsoro. Ɗan ɗan'uwansa ya zo ziyara, in zai koma gida zai tafi da ita. Mai gidan, Alhaji Abdulrauf, wanda kakanninsa suka zo daga Kano a ƙafa, ya ce a gaban jama'a tsuntsuwar amana ce a gidansa har ranar tafiya.

Shi ya yi alkawarin, amma wahalar a kan Kaltuma ta faɗa. Ita ke kamo fara, ita ke sauya ruwa, ita ke baza sabon yashi kewaye da kejin kowace yamma saboda kashin tsuntsuwar. A kan wannan yashin ne sawun ya kwanta, sarai kamar an zana shi: takalmin taya, mai tsaga a dunduniyar hagu.

Ta san takalmin. Na ƙanenta Ɗan'inna ne.

Kafin ta sauko, labari ya riga ta. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kuma tun zuwan mujiyar mata ke gunaguni, wai ba a ajiye irinta a gidan da ke da jarirai. Yanzu da ta ɓace sai kowa ya zama mai kishinta. Alhaji Abdulrauf ya hau da ƙyar yana dafa bango, ya dubi sawun, ya dubi Ɗan'inna da ya dawo ke nan, gari fari fat a gashin kansa.

"Ina kake da asuba, ya waladi?"

Ɗan'inna ya sunkuyar da kai. A gidan burodi yake kwana yana aiki, amma in ya faɗa, mai gidan burodin ne zai shiga uku, domin ya ɗauki marar takarda.

"Ka yi shiru," in ji Alhaji. "Na san masu sayen mujiya a garin nan, kuma ba miya suke yi da ita ba. Sata daban, sihiri daban. An ma gaya mini ba ka da iƙama, ba takardar zama kake zaune. In aka yi la'asar tsuntsuwar nan ba ta dawo ba, shurɗa za su zo su tambaye ka da kansu."

In 'yan sanda suka ɗauke shi da sunan sihiri a kansa, kora ita ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Shi kaɗai ya rage mata a duniya cikin 'yan ɗakinsu, ita ta goye shi ran da uwarsu ta rasu.

"Ammu, ka bar ni da yashin nan zuwa la'asar. Kada kowa ya taka," Kaltuma ta ce wa Alhaji, domin shi ma Ammu, wato baffa, take ce masa.

"Ke kuma me za ki gani da ban gani ba?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta sauka ta kwaso kwanonin tuwo da faranti, ta bi sawun tana kifewa ɗaya bayan ɗaya don kada iska ta share. A nan ta lura da abu biyu. Takun gajere ne, kuma dunduniyar takalmin tana jan yashi a baya, alamar ya yi wa mai shi yawa. Sai kuma a gaban kejin, inda sawun ya cakuɗe, ƙafa kan ƙafa, gaba da baya, wuri ɗaya. Ta ce a ranta nan ne ɓarawon ya yi kokawa da tsuntsuwar, ta kifa babban faranti a kai.

Takalmin kuwa yana nan a gindin matakala, inda Ɗan'inna ke barinsa kullum in zai tafi aiki. Kowa a gidan zai iya sa shi.

*

Da Issoufou ta fara. Ɗan Damagaram ne, ɗan guntun mutum mai sayar da turare da saiwoyi, kuma kowa ya ji ran da ya roƙi gashin mujiyar. Ta same shi a ƙofar ɗakinsa yana daka.

"Hajiya mai sawu, an zo kama ni?"

"Ka taɓa cewa kana son gashinta."

"Gashi na ce, ban ce tsuntsuwa ba. Wani Bayamane ne ya dame ni. Kuma da kika hana, na ba shi na kaza, bai gane ba."

"Tashi ka yi tafiya in gani."

Ya tashi yana dariya, ya yi taku a tsakar gida kamar amarya. Ƙafarsa ƙarama ce, gaskiya, amma yatsunsa waje suke kallo kamar na agwagwa, sawun saman bene kuwa miƙe yake. Mutum yana iya aron takalmi, ba ya iya aron tafiya.

"Kai ka gaya wa Alhaji zancen iƙamar Ɗan'inna? Na san kuna shan shayi tare."

Dariyar ta tsaya. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Yaya Kaltuma, tawa ma ta mutu tun bara. Ni zan jawo shurɗa gidan nan? Wallahi yau na fara jin ba shi da ita."

Ta yarda da shi, kuma ba ta ji daɗin yardar ba, domin in ba a bakin Ɗan'inna zancen ya fita ba, to saura baki ɗaya. Ta ture tunanin gefe.

*

Halimatu, surukar Alhaji, ita ce ta fi kowa ƙin mujiyar. A Madina aka haife ta, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, sai in ta ga dama ta jefo kalma biyu. Kaltuma ta same ta tana tura ɗanta a keken jarirai, gaba da baya a cikin falo.

"Ni in taɓa buma?" Buma suke ce wa mujiya. "A'uzu billahi. Ko inuwarta ba na so. Na ji daɗi da ta tafi, ba zan ɓoye miki ba, amma ban hau saman nan ba tun da na haihu."

"Miƙo ƙafarki."

Halimatu ta miƙo tana taɓe baki. Doguwar ƙafa ce, ta ma fi ta Ɗan'inna.

"Halas, an gama? Ke ma ki sauke yarinyar nan ki huta, ya uhti. Kullum ɗaure a baya kamar buhu. Ku dai ba kwa gajiya."

*

Rana ta take tsaka. Kaltuma ta bi sawun ta ƙofar baya, ya fita lungu, ya hau kwalta, ya ɓace. Ta dawo ƙafafunta na zafi, ta shiga ɗakin Fatna don ta sami inda za ta zauna.

Fatna ba maƙwabciya kawai ba ce. Tare suka ratso Sudan a bayan babbar mota, tare suka hau jirgin ruwa, tabarma ɗaya suka kwana a kai a Jidda. Wata ɗaya suka haihu. Da Kaltuma ta kwanta zazzaɓi bayan haihuwa, Fatna ce ta shayar da Murja tare da ɗanta Idrisa, saboda haka yaran nan wa da ƙanwa ne har abada.

Idrisa yana kwance a kan katifa, jikinsa kamar garwashi.

"Bai sauka ba?"

"Shekaranjiya ma sai da ya sanƙare, idonsa ya juye," in ji Fatna. "Tun da abin nan ya fara kuka a samanmu yaron nan bai ƙara lafiya ba."

"Fatna, zazzaɓi ne. Na gaya miki mu kai shi asibiti. Ki cire masa rigunan nan, ki shafa masa ruwa."

"Babansa yana Tabuka. In ya dawo."

Ta zuba mata shayi, ta tura mata dabino. Ta ce kada ta kashe kanta da damuwa.

"Ɗan'inna namiji ne, 'yar'uwa. Ko sun sa shi a jirgi, shekara ɗaya ya dawo. Maza nawa aka kora suka dawo?"

Kaltuma ta riƙe kofin ba ta sha ba. Magana ce ta lallashi, amma ba ta ji ta lallasu ba.

*

Ta koma saman bene ita kaɗai. Ta ɗaga babban farantin, ta durƙusa a kan cakuɗaɗɗen sawun. Wani abu bai zauna mata ba. Tsuntsuwa mai karyayyen fiffike, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, wace kokawa za ta yi da mutum? Babu gashi ko ɗaya a ƙasa. Kuma mai kokawa ƙafarsa zamewa take yi, tana watsa yashi. Wannan kuwa a natse yake, taku kan taku, kamar mai bin kiɗa.

Zafin rana ya tashi Murja, ta fara ƙananan kuka. Kaltuma ta miƙe ba tare da ta yi tunani ba, ta sa hannu a ƙarƙashin goyon, ta fara jijjiga ta, dama, hagu, dama, hagu, idonta yana kan kejin. Sai da yarinyar ta yi shiru sannan ta dubi ƙasa.

A ƙarƙashin ƙafafunta yashin ya cakuɗe, ƙafa kan ƙafa, wuri ɗaya.

Ɓarawon bai yi kokawa da kowa ba. Goyo ne ya motsa a bayansa, ya tsaya yana lallashi don kada kuka ya tashi gida. Nata sawun gefe da gefe yake tafiya. Na gaban kejin kuwa gaba da baya ne, dama a gaba, hagu tana binta. Ta san mai wannan jijjigar. Ta kalle ta a tsakar gida, ta kalle ta a bakin famfo, ta kalle ta da Murja a bayanta ran da ita kanta ba ta iya ɗaga kai.

Ta mayar da farantin a hankali. Ba ta yi kuka ba, domin la'asar ta kusa kuma akwai aiki.

*

Bayan salla ta roƙi Alhaji ya tara kowa a sama. Ammu Hamisi ma ya zo, an gaya masa a kasuwa, ya zauna a kan bulo. Fatna ce ta zo ƙarshe, Idrisa a bayanta.

Kaltuma ta baza sabon yashi a gefe, ta ce Ɗan'inna ya sa takalminsa ya taka. Ya taka. Ta ɗaga kwanoni biyu, ta nuna wa Alhaji.

"Ammu, duba. Nasa takun dogo ne, dunduniya ba ta ja. Wannan gajere ne."

"To Issoufou ke nan," in ji Halimatu.

"Ni dai yau na ga ta kaina," in ji Issoufou. "A ba ni takalmin."

Ya taka, yatsu waje. Har Alhaji sai da ya murmusa.

Sannan ta ɗaga babban farantin. Ta sa takalmin da kanta, ta tsaya a kan sabon yashi, ta jijjiga Murja kamar yadda ta saba, ta koma gefe. Mutane suka matso suna duba wannan, suna duba wancan.

"Mai goyo ce ta buɗe kejin nan," in ji ta. "Yaro ya motsa, ta tsaya lallashi. Halimatu ba ta goyo. Mu biyu ne masu goyo a gidan nan."

Alhaji ya dube ta da kyau. "Kin san abin da kike faɗa? Ke ma kina ciki."

"Na sani, Ammu. Shi ya sa na taka a gabanka. Nawa gefe da gefe ne."

Ba wanda ya juya ya dubi Fatna, sai dai kowa ya san inda take tsaye. Sai Idrisa ya yi wani siririn kuka na marar lafiya, kuma ƙafafun uwarsa suka amsa kafin ta hana su: dama a gaba, hagu tana binta, gaba da baya, a kan yashin da Kaltuma ta baza har bakin matakala.

Fatna ta dubi ƙasa, ta tsaya cak.

"Ɗana yana mutuwa," in ji ta. "Kowa ya san abin da mujiya ke yi wa yara. Na roƙe ki ki fitar da ita, kika ce zazzaɓi ne."

"Ina take?" in ji Kaltuma.

"Ban kashe ta ba. A haramin Madina muke, ba na kashe tsuntsu. Tana tsohuwar tashar jirgin ƙasa, cikin taragon da ba shi da ƙofa. A kwando na rufe ta."

Ammu Hamisi ya miƙe da saurin da ba a san yana da shi ba. Issoufou ya bi shi.

"Takalmin fa?" in ji Kaltuma.

"Shi na tarar a gindin matakala."

"Naki yana ƙofar ɗakinki, sai kin wuce shi kafin ki kai can. Ammu, wa ya gaya maka zancen iƙama?"

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi Fatna, ya kawar da kai. Amsar ke nan.

"Ke kaɗai na gaya wa," in ji Kaltuma. Muryarta ba ta tashi ba. "A ɗakinki, ina kuka, kina shayar mini da 'ya. Kin ji tsoron Allah a kan tsuntsuwa, Fatna, ba ki ji a kan ƙanena ba."

"In aka gane ni ce, Alhaji zai kore ni, ina zan kai yaro marar lafiya? Shi namiji ne, ba shi da kowa a bayansa."

"Yana da ni."

*

Sun sami mujiyar da ranta, baki buɗe tana haki a cikin kwandon. Ammu Hamisi ya riƙa ɗiga mata ruwa da yatsa yana yi mata magana da harshensu, ya ce ba za ta ƙara kwana a gidan kowa ba sai a ɗakinsa, har ranar da jirgi zai tashi.

Alhaji bai kira shurɗa ba. Ya ba Ɗan'inna haƙuri a gaban kowa, sannan ya ja Kaltuma gefe.

"Ya binti, da ban sani ba, da shi ke nan. Yanzu na sani, gida duka ya sani, gobe unguwa za ta sani. In aka same shi a nan, ni za a kama. Ya tafi kafin wani ya kai labari."

Washegari da safe ta ɗaure masa kayansa a zane, ta sa masa dabino da busasshen burodi, ta raka shi inda manyan motocin Yanbu ke lodi, ko Mahmudu zai sama masa wurin fakewa. Ya so ya bar takalmin tayan, ta ce ya sa abinsa, takalmi bai yi laifin komai ba. Ta tsaya har motar ta sha kwana.

Da ta dawo, tun daga ƙofar gida ta ji kukan Idrisa. Irin kukan da uwa ba ta iya wucewa ne, na yunwa da ciwo a haɗe. Ta wuce ɗakin Fatna, ta kai ƙofar nata, ta sa hannu a labule. Sai ta saki labulen ta dawo.

Fatna tana zaune a ƙasa, idanu sun kumbura, yaron yana ture nonon da ba komai a cikinsa. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Kada ki ce mini komai. Miƙo shi."

Kaltuma ta zauna a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Ta cire masa rigunan da aka jibga masa, ta sa shi a ƙirjinta, ya kama da ƙarfi. Murja ta leƙo ta kafaɗarta tana taɓa masa kai.

"In ya ƙoshi, asibiti za mu. Ɗauko mayafinki," in ji ta, idonta a kan yaron. "Shi wan Murja ne, wannan ba mai kwance shi. Ke kuma daga yau, in kina da magana, ki aiko."